Ranar da Aka Yanke Tsirkiyar Baba

Mahaifina maharbi ne, na baka da kibiya. A ƙauyenmu da ke tsakanin Bukkuyum da Anka, shekara biyu ko uku bayan an yanka mana jihar Zamfara, mutum huɗu kacal suka rage masu rataya kwari in za a fita farauta. Sauran duk sun koma bindigar toka. Baba ba ya zagin bindiga, amma in aka harba ta kusa da shi sai ya toshe kunne da ɗan yatsa ya ce, "To, madalla, an sanar da dajin duka mun iso."

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gummi, na kusa shekara talatin, da mata da ɗiya guda. Duk hutun da ya faɗo cikin rani nakan dawo gida in bi farauta. Ba don nama ba ne, gaskiya. So nake a nuna ni a ce ɗan wane ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kirarin nake so, wahalar ce ba na so. Ga zuciya a kusa, abu kaɗan in hau sama, wanda ya gyara mini kuskure kamar ya zage ni ne.

Wahalar kuwa duk a kibiya take. Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi, sanda ce da ƙarfe kawai, saboda haka in ba ta miƙe ba babu abin da zai gyara mata tafiya a iska. Bayan ɗaukewar ruwa Baba yakan saro tsiron dargaza masu kaurin ƙaramin yatsa, ya ɓare su, ya ɗaure dami guda ya soke a rufin madafar Inna, hayaƙi ya yi ta bugun su har wata uku. Sannan ya sauke, ya zauna gaban garwashi, ya gasa kowace a inda ta karkace, ya sa haƙori ya danne, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawonta. Sai ya ɗora ta a kan farcen babban yatsa ya murza. In ta yi rawa ko ƙanƙane, wuta za ta koma.

Wannan ma rabin aikin ke nan. In maƙeri ya kawo ƙarafa an ɗaure su da jijiya, sai ya fita bayan gida inda wani tsohon suri yake, ya auna taki ashirin ya harba. In kibiyar ta kauce hagu, ta yi wa bakan tauri, sai ya kankare cikinta da fasasshiyar kwalba kaɗan-kaɗan ya sake gwadawa. In ta kauce dama, ta yi laushi, sai ya rage mata tsawo. Kibiya guda takan cinye masa yini uku. Wadda ta yi daidai, sai ya ƙona mata zobe biyu a ƙasan ƙarfe da ƙusa mai zafi. Alamarsa ke nan. Kowane maharbi da tasa, domin a wurin farauta ba a gardama: wanda aka zare kibiyarsa daga jikin nama, naman nasa ne.

"Kowace kibiya da bakanta," haka yake faɗa mini, "awa takalmi da ƙafa. Kada ka aza tawa ga naka."

Bakansa mai tauri ne, na taɓa gwada ja ban kai rabi ba kafaɗata ta amsa. Nawa shi ya sassaƙa mini, mai sauƙi, daidai ƙarfin mai riƙe alli. A wannan surin yake koya mini tsayuwa: juya gefe, kafaɗar hagu ta kalli abin harbi, kada ka shaƙe bakan, ja har babban yatsa ya taɓa gefen baki, bar yatsun su buɗe da kansu, sannan ka tsaya cak sai ka ji "tib". Ni kuwa ciwona biyu ne. Ba na cika ja, kuma kafin kibiya ta bar baka na sauke hannu na miƙa wuya ina leƙen inda za ta faɗa.

"Malam, mi kaka leƙe?" in ji shi. Malam yake ce mini in yana son ya tsokane ni. "Kibiya ba ta bukatar rakiya."

A shekarar da nake magana, na iso gida saura kwana goma a yi babbar farauta, ba ni da kibiya ko ɗaya. Maimakon in roƙi Baba ya ba ni busassun sanduna daga daminsa, girman kai ya hana. Na shiga daji na saro ɗanyu, na gasa su yini guda, biyu ma har suka ƙone. Da suka kwana uku suka sha iska, kowace ta kama gabanta. Na kawo su wurin suri, ga abokaina biyu suna kallo. Baba ya ɗauki ɗaya ya murza a farce, ta yi ta rawa. Ya miƙo mini ya ce, "Kai ma Innarka su, ta rasa iccen hura wuta."

Abokaina suka fashe da dariya. Jinina ya tafasa, na ce, "Anya Baba, kibiyar ce karkatacciya, ko dai idon ne?"

Dariyar ta tsaya. Baba ya tattara kwalbarsa da wuƙarsa ya shige gida. Na san inda na taɓa, kuma da gangan na taɓa. Yanar ido ce ta fara fito masa a idon dama, wani ɗan fari-fari a gefen baƙin, kuma samari masu bindiga sun fara gunaguni cewa tsohon nan ya zauna gida tun bai huda wani ba. Sarkin Baka, shugaban maharban yankinmu, sa'arsa ne kuma amininsa tun ƙuruciya, shi ke tare masa. Amma akwai dokar da ko Sarkin Baka ba ya iya tanƙwarawa: duk wanda harbinsa ya sami mutum ko kare a cikin sahu, in mai baka ne a yanke tsirkiyar bakansa a gaban jama'a, in mai bindiga ne a karɓe ta, sai shekara ta zagayo. Ga saurayi shekara ba komai ba ce. Ga mutumin da ya haura sittin da yana a ido, kowa ya san sallama ce.

Ranar farauta, da Baba ya fita sallar asuba, na shiga ɗakinsa na zare kibiya uku daga kwarinsa, an riga an shafa musu dafi tun jiya. Na cusa su cikin nawa kwarin, a tsakiyar karkatattun nan. Ban ma ɗauke shi sata ba. Cewa na yi a raina, in na kayar da nama aka zare kibiyar aka ga zobe biyu, sai in yi dariya in ce to ga shi, hannun ne ke harbi ba kankare-kankare ba.

Mun fi mutum sittin daga ƙauyuka huɗu. Mai ganga yana gaba, muka baje sahu ɗaya muna kora, karnuka suna shiga ciyawa suna fita. Baba yana damana, taki kamar goma tsakaninmu. A haguna akwai wani magidanci daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, mai wani jan kare da duk yankin aka san shi. Mutumin nan in ya sami nama, kafin 'ya'yansa su ci karen ya ci. Har hantsi ya yi sosai ba mu tayar da komai ba sai zomaye biyu da zabi.

Muna gab da wani kwazazzabo mai sarƙaƙiya sai gada ta zabura daga cikin gamba, ta yanko gabanmu daga hagu zuwa dama, jan karen nan yana biye da ita, tsakaninsu bai fi tsawon mutum biyu ba. Na zaro ɗaya daga kibiyoyin Baba na ɗana. Ban cika ja ba, kuma na sauke hannu ina leƙe, yadda na saba. A daidai wannan lokacin na ji ƙarar tsirkiyar Baba a damana, shi ma ya saki. Tawa na gan ta da idona ta fita da gindi a karkace, ta kauce hagu. Karen ya yi wani irin kuka, ya wuntsila. Gadar ta faɗa kwazazzabo ta ɓace.

Aka yi ca a kan karen, wasu suka riƙe sauran karnukan don kada su lashi jinin mai dafi. Kibiyar ta shige shi a ƙugu. Bai daɗe ba, dafin Baba ba ya wasa. Mai karen ya durƙusa ya zare ta, ya share jinin da ganye, ya ɗaga ta sama. Zobe biyu.

Babu wanda ya kalle ni. Wa zai kalle ni? Ciyawa ta kai ƙirji, ba wanda ya ga na harba, kuma kowa ya ji tsirkiyar Baba. Mai karen ya fara faɗa yana kuka, yana cewa sun faɗa tun bara, sun faɗa ba a ji ba, yau kare ne gobe ɗan mutum ne. Baba ya karɓi kibiyar ya juya ta, ya kawo ta kusa da idonsa na hagu, ya shafa zoben da yatsa.

"Tawa ce," ya ce. Sai ya ƙara, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Amma wallahi gadar nag gani."

Sarkin Baka ya matso tsakiyar taron. Ya dubi jama'a ya ce, "Akwai wanda yag ga wani abu da ba wanga ba?"

Nan ne wurin. Kalma uku ce ko huɗu: ni na harba. Amma sai na hango abokaina biyun nan, na hango yadda labarin zai riga ni isa Gummi, malamin makaranta ya saci kibiyar ubansa ya kashe kare. Na ce a raina bari a watse, in faɗa wa Baba mu biyu. Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa.

Baba da kansa ya miƙa bakan. Sarkin Baka ya zaro wuƙa, ya ɗora a tsirkiya. Bakan ya yi "fat" ya miƙe. Baba ya karɓe shi ya riƙe kamar sanda, ya ba mai karen haƙuri sau uku, ya juya ya nufi gida shi kaɗai. Ni aka bari in ƙarasa farautar, har wasu suna dafa mini kafaɗa suna cewa in yi haƙuri, tsufa ne, kowa zai je.

Da la'asar, Baba yana masallaci, na mayar da kibiya biyun da suka rage cikin kwarinsa. A nan na tuna da wadda shi ya harba. Tana can cikin ciyawa. In wani makiyayi ya tsince ta ya kawo, za a ce yaya aka yi harbi ɗaya ya haifi kibiya biyu masu zobe. Ku ji fa abin da ya dame ni a ranar da aka yanke tsirkiyar ubana.

Washegari da sassafe na koma wurin ni kaɗai. Na yi ta tattaka gamba ban ga komai ba, har rana ta ɗaga. Sai na lura da ungulaye uku a kan wata bishiyar marke a bakin kwazazzabon. Na gangara, ƙaya tana yagar rigata. Gadar tana kwance a ƙarƙashin sarƙaƙiya, ta kumbura, ƙudaje sun rufe idonta. Kibiyar Baba tana tsaye a bayan kafaɗarta, a daidai gurbin da yake nuna mini da yatsa a jikin akuyar Inna tun ina ƙarami. Gada a guje, ta gefe, cikin ciyawa, da ido ɗaya da rabi.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuka sosai, har da majina. Kada wannan ya sa ku ji tausayina. Da na gama kukan, abin da ya kamata shi ne in saɓo gadar nan da warinta da kibiyar a jikinta, in dire ta a ƙofar Sarkin Baka. Na tsaya na auna, na ga yanzu laifina ya zama biyu, harbin da kuma shirun jiya, kuma na biyun ya fi na farko muni. Sai na zare kibiyar, na goge ta da ƙasa, na kai gida na zura a kwari. Gadar na bar wa ungulaye.

Hutu ya ƙare na koma Gummi. Na ce sai hutu mai zuwa zan faɗa. Hutu mai zuwa ya zo na ce bari shekarar ta cika, ya ɗaura sabuwar tsirkiya ya koma daji, maganar ta mutu da kanta. Shekara ta cika, Sarkin Baka da kansa ya zo har gida da sabuwar tsirkiya ta fata a hannu. Ina zaune a zaure. Baba ya yi godiya ya ƙi karɓa.

"Idon da ya nuna mini gada alhali kare ne," ya ce, "ba ni sake yarda da shi. Gobe ɗan wani za shi nuna mini."

Sarkin Baka ya yi lallashi har ya gaji. Ni ina gefe ina zuba musu fura.

Daga nan Baba ya zama mutumin ƙofar gida. Mutumin da ba ya yini a gari in rani ya yi, sai ga shi a kan tabarma daga hantsi har azahar, yana tufkar igiya. In ganga ta tashi za a fita, sai ya shige ciki ya ce wa Inna kansa ke ciwo. Ya daina saran dargaza. Ya daina ce mini Malam. Ba fushi yake da ni ba, da ma fushin ne da na ji sauƙi. Tsokanar ce gaba ɗaya ta bar shi. Inna ta taɓa ce mini, tana tankaɗe, "Ba idon ne yac ci ubanka ba, zama ne." Na ce mata haka ne, Allah Ya sawwaƙe. Ni ma ban sake taɓa baka ba, mutane suka ce don tausayin tsohona ne, suka yaba mini.

Shekara takwas aka yi a haka. Zuwa lokacin yanar ta rufe idon dama ruf ta kama na hagu, sai an ja masa sanda zuwa masallaci. Wani hutu na zo na tarar ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rame har na tsorata. Ba jarunta ce ta buɗe mini baki ba, tsoro ne, kada ya tafi da haƙƙinsa a wuyana. Bayan azahar na shiga na durƙusa a gefen gadonsa, Inna tana bakin ƙofa tana gyaran wake.

"Baba, ina da magana. Karen nan na bakin kwazazzabo, ba kai ka harbe shi ba. Ni ne."

Na faɗa masa duka, tun daga asubar da na shiga ɗakinsa har ungulayen. Ban rage komai ba. Inna ta ajiye faifai ta ce, "Innalillahi!" Na jira zagi, na jira tsinuwa ma, na shirya mata. Baba ya juyo da fuskarsa wajena. Sai ya ce:

"Ina tas same ta?"

"Wa, Baba?"

"Gadar. Ina kibiyar tas shiga?"

"Bayan kafaɗa."

"Nuna mini."

Ya ɗaga hannunsa na hagu. Na sa yatsa a haƙarƙarinsa, ƙasusuwan duk a waje. Ya kama yatsan ya matsar da shi ƙasa kaɗan. "Nan, ko nan?" Na mayar da shi inda na fara sawa, na ce nan ne. Ya tambaye ni zurfin da ta shiga, na ce ƙarfen duka ya nutse har zoben. Ya tambayi nisan da gadar ta yi kafin ta faɗi, na ce bai kai taki arba'in ba. Ya gyaɗa kai, hawaye yana gangarowa daga idon da ya mutu.

"Ashe na gani," ya ce.

Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, da irin muryar da ake amsa gaisuwar baƙo, hankalinsa ba ya wurina. Yunƙurin tashi yake yi. Ya ce in ɗauko masa riga da sanda in kai shi gidan Sarkin Baka yanzu-yanzu. Inna ta ce masa, "Malam, ka manta? Ai bara anka yi jana'izarsa." Ya ce to mai karen. Na ce ya daɗe da tashi, an ce yana wajen haƙar zinariya can gefen Anka, ba a san takamaiman ramin ba. Ya ambaci sauran masu baka ukun ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun rasu, na ukun ya rikice, ba ya gane ko 'ya'yansa. Ya ce mai ganga fa. Shi ma ya rasu.

Ya koma ya kwanta a hankali, rigar tana kan cinyarsa. Can sai ya juya fuskarsa wajen ƙofa, inda yake jin motsin Inna.

"Ke, kin ji? Bayan kafaɗa tas same ta."

"Na ji, Malam," in ji Inna.

Kafin magariba sai da ya sake gaya mata sau biyu, ita kuma duk lokacin tana amsawa kamar yanzu ta fara ji. Ni ina tsugune a tsakar gida, na kasa shiga, na kasa fita.